Bizar Ƙanwar Madam Doina

Duk mazaunin unguwar Morris Heights ya san Hamdatu, in bai san fuskarta ba ya san muryarta a matakalar bene. Daga Zangon Kumasi ta zo, cacar biza ce ta kawo ta, kuma tun daga ranar ta naɗa kanta masaniyar Amurka. Ba ta taɓa karanta doka ko layi ɗaya ba, amma in ɗan wani zai shiga intabiyun biza a Accra, ita ake bugowa. Wanda ya samu ya gode mata, wanda aka hana a ce ba rabonsa ba ne. A haka sunanta ya yi ta hawa.

Aikinta kula da tsofaffi ne a gidajensu. Shekara da shekaru tana canjin jirgin ƙasa zuwa unguwar Ridgewood wajen Madam Doina, wata tsohuwa 'yar Romaniya da ta yi ɗinki a masana'anta har idonta ya gaji. Miji ya rasu, ba ɗa ba jika. Hamdatu ke yi mata wanka, ta tuƙa mata tuwon masarar ƙasarsu, wanda ta ce banku ne da bai yi tsami ba. Mama take ce mata. Aiki ne na samun wuri: tsohuwa ba ta zagi, ba ta kiwon kare, in azahar ta yi ma ita ke tuna mata.

A 2016 zuciyar Madam Doina ta fara gazawa. Burinta ɗaya ne, ta ga ƙanwarta Florina da ke wani ƙauye kusa da garin Sibiu, wadda rabonta da ita tun ba su yi furfura ba. A lokacin ɗan Romaniya kan zaga Turai da katin shaidarsa kawai, amma Amurka sai da biza. Hamdatu ta gyara zama ta zayyano hanyoyi. Ta 'yan'uwantaka layinta ya wuce shekara goma, caca sai mai rabo, bizar aiki kuwa ba ta 'yar shekara saba'in ba ce. Saura ta ziyara.

A Zango babu uzurin da ya kai jinya. Komai taurin kan ubangidanka, in ka ce za ka jinyar yayarka, zai sallame ka har da kuɗin mota. Don haka Hamdatu ta sa aka gaya wa Florina kada ta tsaya zancen yawon buɗe ido, ta ce jinya za ta zo, a wuce wurin.

Florina ta bi umarni sau da ƙafa. Da ma'aikacin biza ya tambaye ta yaushe za ta koma gida, ta ce ba ta barin yayarta sai ta ga abin da Allah ya yi. Ya miƙo mata fasfonta cikin ladabi, ba biza. Bizar ziyara ta wanda ya nuna zai koma ce, ita kuwa ta faɗa da bakinta ba ta da rana.

Abin ya yi wa Hamdatu ciwo ƙwarai. Ta ce wa maƙwabciyarta Rafia da Hausarsu ta Zango, "Ni na ɓata case ɗin nan kraa. Matan ya faɗi gaskiya, shi ne suka refuse shi."

Madam Doina ba ta ga laifin kowa ba, ta dai rage cin abinci. Hamdatu kuwa akwai abin da ta sani ta yi gum da bakinta: Mama 'yar ƙasa ce a nan da can, ba mai tare ta a hanya. Ta kuma san in ta tafi ba ta dawowa, aikin nan mai daɗi ya ƙare ke nan. Ta yi kwanaki tana juya maganar, sannan wata safiya tana taje mata kai ta ce, "Mama, ke wa ya hana ki zuwa?"

Likitan Mama ya yarda ta yi tafiyar. Tsohuwa ta dage sai Hamdatu ta raka ta, sai aka tarar mai fasfon Ghana ma ba ta shiga Romaniya sai da biza, lokaci kuma ba ya jira. A filin jirgi ta tura Mama a keken guragu har inda aka ce 'yan rakiya su tsaya. Madam Doina ta riƙe mata wuyan hannu ta ce ta zo ta gan ta.

"Sai na nemi biza, Mama."

Bayan kwana biyu hoto ya shigo wayarta: tsofaffi biyu a kan benci, an lulluɓe su da bargo ɗaya. Tana cikin kallo, a hanyarta ta zuwa kamfanin da ke tura ta aiki, neman sabon gida, kira ya shigo daga Accra. Ɗan wata ƙawarta ne, jibi zai shiga intabiyu, yana tambayar Anti me zai ce musu.

Ta ce masa ba ta sani ba.