Iyakar Gashi a Ƙirjina

Mu biyar ne a ɗakin ranar: ni, da babban likitan da ya zo daga Zariya, da wata nas 'yar Unguwar Rukuba, da likitoci biyu masu koyon aikin gashin ciwon daji, mace da namiji. Namijin ɗan maƙwabciyata ne a Dilimi. Ni na yi wa uwarsa wankan jegonsa.

An riga an cire mini nonon hagu a nan Jos, saura gashi, wato ƙona ragowar ciwon da haske, injin kuwa yana Zariya. Babban likitan ya ce kafin in tafi yana so yaran su shata a jikina inda hasken zai ci da inda ba zai taɓa ba, da haka zai gane wanda ya iya. Wanda bai iya ba sai wata shekarar. Ya nemi izinina, na ba shi.

Macen ce ta fara. "Mama, ɗaga hannu. Sama. Riƙe ƙarfen gadon." Hannunta sanyi ƙalau. Ta bi tabon aikin da yatsa har cikin hammata, sannan ta ja layinta da shuɗin alƙalami. Babban ya duba, ya gwada da ma'auni. Nas ta goge da auduga.

Kafin yaron ya matso na sauke hannu, na ja zani sama kamar yadda kowace mace za ta yi. Ya rusuna. "Inna, ina wuni? Ya jiki?" Idonsa na bango. Layukansa sun fi na yarinyar kyau, a miƙe. Amma inda zanina ya fara, nan alƙalaminsa ya tsaya.

Babban ya zo ya ɗaga hannuna da kansa. Wutsiyar tabon tana waje da layi.

"Wannan fa, wa ka bar wa?"



Nas ta yi dariya. "Oga, kunya yana ji. Mamanshi ne a unguwa."

Babban bai kula ta ba, ni ya juyo wa. "Hajiya, ya ce ki ɗaga hannu kika ƙi? In zafi ya hana ki, sai ya sake."

Na gane ƙofar da ya buɗe. Yaron ma ya gane, don sai a lokacin ya dubi fuskata.

Na ce, "Bai ce ba."

Babban ya nuna masa wurin da yatsa. "Inda ka bari, nan ciwon zai dawo mata. Ka faɗi, sai baɗi."

Da yamma uwar yaron ba ta leƙo ba, ita da ba ta fashin zuwa duba ni tun da aka yi mini aiki.

Washegari da safe, kafin ya fita, na shiga gidansu. Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Na sa aka kira shi ɗakinta. Na cire mayafi, na sauke zani, na ɗaga hannu na kama saman ƙofa.

"Zo ka bi shi da yatsa har ƙarshensa. Da ido a buɗe."

Uwar ta juya fuska bango. Shi ya fita ya wanke hannu, ya dawo.