Gwangwanin Ƙarƙashin Tebur

Duk wanda ya taɓa zama wani abu a garin nan, to ya tsaya a gaban Mai Hoto ya riƙe numfashi. Shagonsa yana kallon tsohon gidan waya, ginin jan bulo da Turawa suka bari, mai dogayen ginshiƙai da agogon da ya daɗe da tsayawa. A gaban ginin nan kowa yake so a ɗauke shi: tafintan kotu da hularsa a karkace, shugaban tashar jirgin ƙasa da usur a wuya, da unguwarzomar da ta karɓi haihuwar rabin garin.

Sai Mai Hoto ya cusa kai cikin baƙin ƙyallen kyamara, ya miƙo hannu ɗaya yana korar masu wucewa kamar kaji sun hau shanya. Tsantseninsa har ya yi yawa. Ko jelar akuya ce ta leƙo, hoto ya lalace ke nan, sai ya jefa shi cikin wani gwangwani a ƙarƙashin tebur.

Mai ɗakinsa, idan ta kawo masa abincin rana, takan ce, "Malam, ni fa yaushe za a ɗauke ni?"

"Ke da kike gida? Bari a sallami baƙi tukuna."

Haka aka yi ta sallamar baƙi har Allah ya karɓi abarsa, ta bar autarsu tana rarrafe.

Yau gidan waya ya zama ma'ajiyar siminti, kowa kuma da kyamararsa a aljihu. Ranar da zai rufe shagon gaba ɗaya, Auta, wadda ita ma yanzu uwa ce, ta zo taya shi kwashe kaya.

Ta ce, "Baba, kowa cewa yake ina kama da Inna. Nuna mini ita mana."

Tsoho ya bi bango da kallo. Manyan gari duk ga su nan sun ƙame a cikin gilashi, babu ita. Ya rufe ido don ya kwatanta ta da baki. Muryarta ta zo, har da irin tafiyarta, amma fuskar ta ƙi zuwa. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba.

Auta ta sunkuya ta jawo gwangwanin. "Wannan tarkacen a zubar?"

"Miƙo nan."

Ya yi ta ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, wannan kare ya gifta, wancan keke. Can ƙasa ya ci karo da hoton ranar da shugaban tasha ya ajiye aiki. Ga shugaban a tsakiya yana hura hanci. A gefe kuwa, bakin ginshiƙi, ga wata mata da kwano a hannu, tana dariya, idonta ƙyam a kan mutumin da ke cikin baƙin ƙyalle. Ya tuna ranar sarai. Har tsawa ya daka mata: "Kauce mana, kin ɓata mini aiki!"

Auta ta leƙo ta kafaɗarsa. "Baba, ai na cikin gwangwanin nan lalatattu ne, ko?"

Ya goge hoton da bakin rigarsa, ya ɗora mata a tafin hannu.

"Ga uwarki. Duk shagon nan, shi kaɗai ne ya fito."