Takardar da Na Ƙi Sa wa Hannu

Bayan soja sun koma bariki, Abuja ta shiga gine-gine ba ji ba gani. Duk inda ka juya titi ake shimfiɗawa. A lokacin ni ƙaramar ma'aikaciya ce a wani ofishin kula da muhalli, aikina auna hayaƙin masana'antu. Da abin da na rubuta ake yanka wa kamfani haraji.

A hanyar Karshi akwai wani kamfanin dafa kwalta. Tun daga nesa kana hango baƙin hayaƙinsa yana kwanciya a kan rufin gidaje. Ranar da na fara zuwa, wata 'yar Filato mai tuyar ƙosai a bakin ƙofarsu ta nuna mini tirenta, baƙar toka ta sauka a kan ƙosan.

"Madam, duba. Mijina yana tari, yara ma yana tari. Ba ku ne gwamnati ba?"

Na ce mata mu ne.

Manajan ya tarbe ni da lemo mai sanyi. Da na gama awo na nuna masa sakamakon, sai ya yi murmushi.

"Hajiya, mu fa ba ma fashin biyan haraji. Wanda ya biya ai ya sayi izini."

Na ce, "Ba izini kuka saya ba. An sa harajin ne don ya yi muku nauyi ku rage hayaƙin. Tunda bai dame ku ba, ba gaskiya ake auna muku ba."

Haka ɗin ne kuwa. Da na tono tsofaffin fayiloli, na tarar shekara da shekaru ana rubuta musu hayaƙin da bai wuce na injin niƙa ba.

Kwana biyu bayan haka ogana, daraktan sashenmu, ya kira ni. Ya turo mini wata takarda da aka riga aka cike, sa hannuna kawai ake jira.

"Ranka ya daɗe, wannan ba awona ba ne."

"Kin san titin wa suke yi? Ke yarinya ce, kada ki jawo wa kanki abin da ya fi ƙarfinki."

Na mayar masa da takardarsa. Na ce, "In ni na yi kuskure, a ɗauki na'urar mu koma, a sake awon a gabanka."

Ya ce in fice masa. Daga nan ofishin rajistar takardu na nufa da rahotona na gaskiya, aka buga masa hatimi, na riƙe kwafi ɗaya.

Cikin makon aka tura ni Zuba duba kwatocin kasuwar 'ya'yan itace. Daga Karu nake tasowa, sai na hau mota uku. Sa'o'ina duk aka ƙara musu girma, aka tsallake ni.

Amma takardar da ta sha hatimi wuyar ɓata gare ta. Masu binciken ayyuka suka ci karo da ita, aka sake awo, harajin ya yi tsalle. Kamfanin ya ga matatar hayaƙi ta fi masa sauƙi, ya sayo ya ɗaura. Mutanen unguwar suka koma shanya a waje, kuma wata nas ta asibitin wurin ta gaya mini masu zuwa da ciwon ƙirji sun ragu.

Daga baya wata abokiyar aikina ta kawo mini saƙo, wai oga ya ce in rubuta takardar ban haƙuri a maido ni hedikwata. Na cika mata leda da mangwaro, na ce ta gaya masa na saba da Zuba.