Faten Mama a Gidan Haya

Ranar Litinin ta farko bayan Sabuwar Shekara, a shekarar da zan shiga aji uku na firamare, muka hau motar Kaduna a tashar Kafanchan, ni da Mama da ƙanena Bulus wanda bai wuce shekara uku ba. Tun da sassafe muka baro ƙauyenmu na kusa da Nok a kan babura, Mama na rungume da babbar tukunyarta, don ta rantse ba za a ɗaure mata ita a saman mota tare da buhun acca ba. Baba ya riga mu tafiya, ya samu aikin tuƙi a wani kamfani, ya kama mana ɗaki. Kakata da ta rako mu tana ta share hawaye, ni kuwa ina can wajen direba ina tambayarsa ko da gaske ne a Kaduna ruwa daga cikin bango yake fitowa. Haka nake tun ina ƙarama, bakina ba ya hutawa. Mama kan ce, "Rifkatu, wata rana sai kin tambayi gawa abin da ya kashe ta."

A ƙauyenmu yaro ba shi da gidan cin abinci guda ɗaya. Lokacin haƙar citta manya na gona, mu yara muna tsaga wadda aka kawo muna shanyawa a kan dutse, muna korar awaki, muna langa idan ba mai kallo. Da yunwa ta taso, gidan da hayaƙinsa ya fara kwantawa nan za ka nufa, ka wanke hannu ka zauna, ba wanda zai tambaye ka ɗan wane ne kai. Kowace mace da rabon 'ya'yan mutane take awo. Kakata takan ce tukunyar da ba ta san hannun ɗan maƙwabci ba, ta mayya ce. Mama kuwa da faten acca aka san ta, mai gauta da yakuwa da gyaɗa, har yaran wata unguwa kan ƙetaro rafi saboda shi, ita kuma tana alfahari da hakan ba kaɗan ba.

Gidan da muka tarar a Kaduna dogo ne, ɗakuna a jere suna kallon juna, siririn lungu a tsakiya, famfo ɗaya a ƙarshe. Kai, na sha kallo! Na murɗa famfon nan har aka yi mini tsawa, na kunna wuta na kashe har Baba ya ce zai karya mini yatsa. Kowace ƙofa da yarenta, kowace ƙofa da ƙamshinta. Abu ɗaya ne ya ɗaure mini kai. Kowace mace a bakin ƙofarta take girki a kan risho, amma da ya nuna sai ta sungumi tukunya ta shige ciki ta saki labule. Na yi ta tunanin me suke ɓoyewa.

Ba mu cika mako ba Bulus ya yi abin da ya saba. Ya ji ƙamshin shinkafa daga ɗakin da ke kallon namu, ɗakin wata mai sayar da atamfa da ake kira Maman Emeka, sai ya ɗaga labule ya shiga, ya wanke hannu a robarsu, ya zauna tsakanin 'ya'yanta ya fara aiki. Ta riƙo hannunsa ta kawo shi, bakinsa duk manja. Ba faɗa ta yi ba, a hankali ma ta yi magana, ta ce, "Maman Rifkatu, ko abinci ya ƙare muku ne?" Mama ta rasa inda za ta sa kanta don kunya. Da Baba ya dawo ya ce mata ta yi haƙuri, birni ba haka ake yi ba, kowa da nasa.

Mama ta ji amma ba ta yarda ba. Kullum sai ta cika tukunya, ta ɗage labule, ta kira yaran gidan su zo su ci. Su kuwa sai su ce sun ƙoshi, su ruga. Fate ya kwana ya yi tsami, gobe ta sake dafa wani. A hankali ta daina rera waƙoƙin zumuntar mata da takan yi idan tana wanki, ta rame, magana ma sai ta kama dole. Wata Lahadi bayan sujada ta faɗa wa Baba a gabanmu cewa idan muka je gida Ista, ita da yaranta ba za su dawo ba, don ba za ta zauna inda ake gudun abincinta ba. Ina son makarantarmu mai allo fari, ina son Baba kusa da mu, ban ko gama ganin garin ba.

Sai na yi abin da na fi iyawa. Na tare Emeka a bakin famfo na tambaye shi ko faten ne ba sa so. Ya ce ƙamshin ma har yawu yake tsinka masa, amma mamansu ta hana su cin na kowa, wai akwai masu sa wani abu a ciki. Na kai wa Mama labarin da zafinsa. Washegari ta shimfiɗa tabarma a tsakiyar lungun, ta juye fate a tire, ta zaunar da mu, muka ci a bainar jama'a. Baba ya ce wannan tonon silili ne, ta ce, "Bari su ga abin da nake zuba wa 'ya'yan cikina." Haka muka riƙa yi kullum, ana tsallake ƙafafunmu ana wucewa, ba wanda ya tsaya.

Makon Ista ya kama, Mama har ta ɗaure kayanmu a kusurwa. Muna cikin cin abincin rana sai ga autar Maman Emeka, Chika, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba. Ta taho tana tangaɗi, ta dafa gwiwar Mama, ta miƙa hannu cikin tire. Mama ta yi maza ta riƙe hannun, ta ɗaga kai. Maman Emeka na tsaye a ƙofarta da bokiti, duk abin a kan idonta. Suka kalli juna, suka kalli yarinyar, sannan Maman Emeka ta ajiye bokitin ta ce, "Ki hura mata, da zafi." Mama ta ɗebo da yatsa, ta hura, ta sa mata a baki. Ban taɓa ganin ta yi kuka a gaban mutane ba sai ranar. Mun je gida Ista, mun kuma dawo dukanmu, da sabon buhun acca.

Yau ina zaune a Abuja da nawa 'ya'yan, a gida mai katanga da ƙofar ƙarfe. Babu lungu, babu labule, ban san me maƙwabtana ke dafawa ba, su ma ba su san nawa ba. Mama ta tsufa, ta koma ƙauye, idan na kira ta a waya ina jin hayaniyar yaran mutane a bayanta. Kwanan baya ta tambaye ni sunan yaran gidan da ke jikin nawa. Ko ɗaya ban sani ba. Duk yawan tambayata, wannan ban taɓa yi ba.