Ranar da tambayata ta shiga majalisa

Ina cikin ɗinki a shagona na Indabo, zamanin da kuɗin fetur ke yawo, sai na ji ɗan majalisarmu a rediyo yana tambayar kwamishinan lafiya:

"Ranka ya daɗe, kun gina mana asibiti, mun gode. To bango ne zai yi mana allura?"

Na daka tsalle ina kiran maƙwabta! Maganar da na faɗa wa ɗan majalisar ce sak, bayan matata ta haihu cikin mota a hanyar Wudil, asibitinmu yana kulle.

Kwamishina ya ce, "Za mu turo ma'aikata."

Kafin kaka aka kawo ungozoma da malamin asibiti.

Ashe maganar tela ma tana kaiwa. Ku fa, wakilinku ya taɓa isar da taku?