Kazar Mai Ɗori

Shekarar da aka gama yaƙi maigidana ya faɗo daga kan ɗorawa a gonarsu ta bayan Kademi. Da hannun dama ya dafe ƙasa, gwiwar hannun ta goce, ƙashi ya karye a ƙasanta kaɗan. Hannun da yake noma da shi ke nan, da shi yake ci, da shi yake gaisawa da mutane. A kan jaki aka kawo shi, hannun na reto kamar ba nasa ba.

Aka ɗauko mai ɗori daga wajen Ajingi, dattijo, ya gaji abin kaka da kakanni. Ya ja hannun maigida na salati, ya jera kara, ya ɗaure tamau. Sai ya ce a kamo kaza. A gabanmu ya karya mata ƙafa, ya ɗora ta ita ma.

"Ranar da ta taka, shi ma ya warke," in ji shi. "Kada wanda ya kwance kafin nan."

To fa, gidanmu ya koma jinyar kaza. Wallahi ko mai jego ba ta samun gatan da ta samu! Surukata ta kai ta ɗakinta tana ba ta tsaki. Masu zuwa dubiya sai sun leƙa ta kafin su shiga wurin majinyaci.

Ni kuwa yatsunsa nake kallo, don ni ke ba shi tuwo. Suka kumbura, suka yi sanyi, farata suka yi baƙi. Na ce, "Inna, hannun nan fa ya fara wari."

"Ke 'yar nan, bakinki ya sari ɗanyen kashi! Ba ki ga kazar ta fara dogarawa ba?"

Maigida ma ya ce in kwantar da hankalina, ai zafin ya daina. Ashe naman ne ya mutu.

Kaza ta taka, har ta haye katanga, aka rangaɗa guɗa. Aka kwance ɗori. Abin da na gani ba na son tunawa, har yau ina jin haushi. Daga Gaya aka sa shi a mota zuwa birni, likita ya yanke daga damtse. Ƙanensa ya naɗe hannun a farin ƙyalle ya binne a can.

Maigida ya koyi riƙe fartanya da hagu, ya daina cin abinci a cikin mutane. Amma hannun bai rabu da shi ba. Ya ce yatsun a dunƙule suke, sun ƙi buɗewa. Har ya tsare ƙanen nasa da tambaya, ko a dunƙule aka binne su.

Wata rana da hantsi muna zaune a tsakar gida ya ce, "Ke, tafin nan na min ƙaiƙayi. Sosa min."

Na kai yatsuna kan tabarma, daidai inda hannun zai kai da yana nan, na fara susa.

"Yi ƙasa kaɗan," ya ce.

Na yi ƙasa. Ya lumshe ido.

"Yawwa, nan ne."