Yumɓun da Ya Faɗi a Gaban Baba

Maigidana mai wankin mota ne, shekara goma sha ɗaya ke nan yana yi a rumfar da ke bayan gidan mai. Abokansa Shafa suke ce masa, don ba ya ganin mota bai kai mata hannu ba. Ko a hanya muke, sai in ga ya sa hannunsa a leda yana shafa ƙofar motar mutane, wai ta haka ake jin ƙurajen da ido ba ya gani. Ni kuwa kunya kamar in nutse.

Babana bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin sana'a ba. "Ya mai wankin naki?" Haka yake tambayata, kuma abin yana ci mini rai.

Sai ranar da masu fenti suka zo fesa ƙofar gidan Baba, iska ta kwashi farin fenti ta yayyafa wa baƙar motarsa. Motar nan shekararta ashirin a hannunsa, fentinta na asali, ko mu 'ya'yansa ba ma jingina da ita. Mai gyaran jikin mota ya ce sai dai a sake fenti. Baba ya kwana biyu ba ya cin abinci sosai, sannan ya ce a kira mijina.

Zo ka ga murna wurin Shafa! Da sassafe muka isa. Ya tura motar inuwa, ya wanke ta sau biyu, sannan ya fito da wani yumɓu na kanti na goge jikin mota, mai taushi kamar cingam. Ya gutsuri kaɗan ya murza ya yi faɗi, ya fesa ruwan sabulu har yana tsiyaya, ya dinga goga shi a hankali, gaba da baya, ba dannawa. Ɗigon fentin suka fara bin yumɓun. In ya yi datti sai ya ninke shi ya fito da wuri mai tsabta. Na yi tsalle na ce, "Baba, duba! Wallahi yana fita!"

Ana tsakiyar goge bonet, murfin injin, sai yumɓun ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Baba, wanda ko tsohuwar ƙusa ba ya yarwa, ya sunkuya da kansa ya ɗauka, ya hure, ya goge a rigarsa, ya miƙa masa.

Mijina bai taɓa ce wa Baba a'a ba, ko ido ba ya haɗawa da shi.

"Baba, a yi haƙuri, wannan ya tashi aiki," in ji Shafa.

"Ya tashi aiki? Ai ga shi fes! Almubazzaranci ne ba ka rabo da shi."

Shafa ya karɓi yumɓun. Ya ɗauko murfin wata tsohuwar robar fenti, baƙi mai sheƙi, ya jiƙa shi, ya goga masa yumɓun sau uku, ya ɗaga wa rana. Layuka ne sirara birjik, yashin da ya maƙale ya yi aikinsa. Ya jefa yumɓun a shara a gaban surukinsa, ya gutsuro sabo.

Baba ya daɗe yana juya murfin nan. Ya dubi bonet ɗinsa, ya sake duban murfin. Ni dai ina ta addu'a a zuciyata.

Can sai na ga ya cire agogonsa ya miƙo mini, ya naɗe hannun riga, ya ɗauki kwalbar feshin ruwan sabulun.

"Malam, nuna mini inda zan fesa," in ji shi. "Kai ka san aikinka."

Na juya baya kamar ina neman tsumma, don kada su ga hawayen daɗin da suka cika mini ido.